Yadda muka haɗa teburin aiki da sandunan alminiyam masu tsaga

Teburin da muka haɗa tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa santimita 70, tsayinsa daga ƙasa santimita 90. Don gyaran kayan sola, naɗin wayar moter da ƙananan injina muka yi shi, aikin da ke son wuri mai tsabta, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya rawa. Wanda sana'arsa walda ce ko dukan ƙarfe da babbar guduma, gara ya tsaya kan korniyer ta baƙin ƙarfe: ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ta fi jure wahala. Abin da alminiyam ya fi ta da shi shi ne ba ya tsatsa, ba a buƙatar walda ko fenti, kuma ranar da za a sauya shago ana kwance teburin gaba ɗaya da kile ɗaya a ɗora a kan amalanke.

Da farko sai an bambanta alminiyam da alminiyam. Wanda masu tagogi da ƙofofi ke aiki da shi a cikin garin Maradi fatarsa siririya ce, sau da yawa ba ta wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, in ka matse bulon a kanta sai ta loɓa. Haka ma sandunan da ake ɗora faifan sola a kansu: suna da tsaga, amma ba a yi su don ɗaukar nauyi a tsaye ba. Wanda muka yi aiki da shi sanda ce mai kusurwa huɗu, milimita 40 a kan 40, kowace fuska da tsaga mai siffar T wadda bakinta milimita 8 ne, sannan akwai rami a tsakiya da ya bi tsawonta duka. Yawanci haɗin alminiyam mai lamba 6063 ne ko 6060, an yi masa wata fata mai tauri mai launin azurfa. Ba kowane shago ke ajiye ta ba, galibi sai an ba da saƙo ta hannun masu zuwa Kano ko masu sayo kaya daga Sin.

A wurin ba da saƙon nan ake fara asara. Sandunan ba ma'auni ɗaya suke bi ba, ko da ido ya gan su iri ɗaya. Na tsarin kamfanin item na Jamus, mai 40 a kan 40, tsagarsa 8 ce, ramin tsakiyarsa milimita 6,8, daidai da bulon M8, wato mai kaurin milimita 8. Na tsarin Bosch Rexroth mai girman nan tsagarsa 10 ce, ramin tsakiyar kuma ya fi faɗi. Akwai na kamfanin 80/20 na Amurka da aka auna da inci, wanda inci ɗaya da rabi ne, wato milimita 38,1. A hannu ba ka gane bambancin, sai ka haɗa shi da mai 40 ka ga tudu. Ekurun wannan, wato ɗan ƙarfe mai zare da bulon ke shiga ciki, ba ya zama a tsagar wancan. Mu mun nemi a fara kawo mana guntun sanda kamar tafin hannu tare da ekuru ɗaya da maƙalar kusurwa ɗaya, muka gwada su tare, sannan muka ce a sayo komai daga hannun mutum ɗaya.

Akwai wani abu game da wannan ƙarfe da ya kamata a riƙe kafin a zana komai. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, amma taurinsa wajen lanƙwasa shi ma kashi ɗaya bisa uku ne. Ba karyewa yake yi ba, lotsawa yake yi. In aka lissafa, sandar 40 a kan 40 mara kauri, mai tsawon milimita 1320, an tallafe ta a bakuna biyu aka ɗora kilo 100 a tsakiya, za ta lotsa fiye da milimita 7. Sanda mai 40 a kan 80 da aka tsayar a kan gefenta, da wannan nauyin, milimita ɗaya kawai za ta yi. Ninka tsayin gefen sanda daga 40 zuwa 80 yana ƙara mata tauri kusan sau takwas, alhali nauyinta bai ma kai ninki biyu ba. Saboda haka zoben sama, wato sanduna huɗu da ke haɗa kawunan ƙafafu, duka muka yi shi da 40 a kan 80 a tsaye. Wanda ya kwantar da ita a kan faɗinta ya biya kuɗin babbar sanda ya samu aikin ƙarama.

Ƙashin teburin mun sa shi milimita 1400 a kan 600 daga waje zuwa waje, don katakon sama ya fito da milimita 50 ta kowane gefe, wurin da matsi zai kama. Ƙafafu huɗu, kowace 825. Lissafin shi ne 900 a cire 36 na katakon sama, a cire kusan 40 na takalmin ƙafa. Tunda sandunan kwance tsakanin ƙafafu suke shiga, kowace sai a cire mata 80: dogaye 1320, gajeru 520. A 40 a kan 80 muka yanka dogaye biyu da gajeru biyu, jimla mita 3,68. A 40 a kan 40, ban da ƙafafu, akwai dogaye biyu na ƙasa, gajeru uku na ƙasa, da gajeru biyu da ke ratsa tsakiyar zoben sama, jimla da ƙafafu mita 8,54. Ƙashin duka bai kai kilo 30 ba, mutum ɗaya yana ɗaga gefe.

Sandar takan zo da tsawon mita 6 ko ɗan ƙasa da haka. A takarda za ka ga ƙafafu huɗu da dogaye biyu sun shiga sanda ɗaya, 5940. Ba sa shiga. Kowane yanka zarto yana cin milimita 3 zuwa 4, kuma bakunan sandar biyu galibi sun bugu a hanya ko suna da tabon inda aka riƙe ta a masana'anta, dole a zubar da ƴan santimita. Mu a sanda ta farko muka fitar da ƙafafu huɗu, doguwa ɗaya, gajeru biyu. A ta biyu doguwa ɗaya da gajeru uku, aka bar kusan mita 3 da muka ajiye don allon rataye kayan aiki. In direba ya ce sai an raba sandar kafin ya ɗauko, kada a bari a raba ta tsakiya kawai, a ba shi awon da ya dace da wannan tsari.

Yanka shi ne rabin aikin, kuma ba a yin sa da mulez, injin hannu mai faifan yanka ƙarfe. Faifan mulez na baƙin ƙarfe ne. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, yana liƙe wa faifan, faifan ya daina ci ya riƙa zafi, wani lokaci ya fashe, kuma bakin da ya yanka ba ya taɓa fita daidai. Mun kai wa mai tagogi da ke da zarton tebur mai saukowa, faifansa mai haƙoran karbid wajen 80, wanda aka yi don alminiyam. Kafin ya taɓa sandunanmu mun roƙe shi: «Maigida, don Allah a fara da wannan guntun mu gani.» Ya yanka, muka ɗora ekeri, ma'aunin kusurwa, ta fuska biyu muka ɗaga sama muna neman haske. Akwai ɗan haske ta gefe ɗaya, sai da aka gyara zaman zarton. Dalilin wannan naci shi ne karkatar digiri ɗaya a bakin sanda ba ta wuce milimita 0,7 a kan faɗin 40 ba, ido ba ya kama ta, amma idan aka matse ƙafa a jikin wannan bakin, can ƙasa za ta kauce da milimita 14. Ba abin da zai gyara wannan daga baya sai sabon yanka.

Duk sandunan da tsawonsu ɗaya ne a kan tokari ɗaya aka yanka su: an kafa guntun katako a jikin zarton, kowace sanda ta tokare shi. Gajerun nan bakwai in duk sun fito 519 babu laifi, amma in ɗaya 519 ɗaya 521, tebur ya murɗe. Ana matse sandar da matsi kafin a sauke faifai, ana shafa wa haƙoran ɗan kyandir ko kananzir, ana sauka a hankali, kuma ba a ɗaga faifan sai ya tsaya. Gilashin ido dole ne, ɓarɓashin alminiyam yana tashi da zafi. Wani abu da zafin garin nan ya sa muka kula da shi: alminiyam yana ƙaruwa da kusan milimita 0,023 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Sanda mai 1320 da ta sha ranar Afrilu a waje, in ta fi ƴar'uwarta da ke inuwa zafi da digiri 30, ta fi ta tsawo da kusan milimita ɗaya. A shigo da su duka inuwa su huce kafin awo. Bayan yanka muka goge kaifin baki da magagari, muka rubuta wa kowace sunanta da alƙalami a jikin salatif.

Hanya biyu muka bi wajen haɗi. Zoben sama, inda ƙarfin teburin yake, bulon ne ke shiga kai tsaye cikin ramin tsakiyar sanda. Sandar 40 a kan 80 ramuka biyu gare ta a kowane baki, saboda haka sanduna huɗu sun ba da ramuka 16, ga kuma huɗu na ƙasan ƙafafu don takalma. Duka muka yanka musu zaren M8 da taro, ƙarfen da ke yanka zare a cikin rami. Ramin 6,8 ba ya buƙatar a ƙara huda shi. Zurfin zare a zoben sama milimita 25, a ƙafafu 40. Alminiyam taushi gare shi, wannan taushin ne kuma ke karya taro, domin ɓarɓashin yana cushewa ya kama haƙora. A ɗiga kananzir, a juya rabin zagaye gaba, a koma kwata baya, bayan kowane zagaye huɗu ko biyar a fito da shi a goge. Zagaye biyu na farko su ne ke yanke hukunci: in taro ya shiga a karkace, haka zai tafi har ƙarshe. Mun huda guntun katako mai kauri a miƙe muka ɗora a bakin sandar ya zama jagora. Injin huji yana iya juya taro, amma mun gwada a guntu muka ga yadda yake saurin cushewa, muka koma hannu.

Bulon da ke wannan haɗi mai kai ne kamar rabin ƙwallo, M8 mai tsawon 25, kile alen mai lamba 5 ke juya shi. Kansa yana zamewa cikin tsagar ƙafa, sannan a matse shi ta wani ƙaramin rami da aka huda daga ɗaya fuskar ƙafar. Don haka kowace ƙafa an huda ta da meshi, wato bakin injin huji, mai milimita 7 a wuri biyu, milimita 20 da 60 daga samanta, ta fuska biyu masu maƙwabtaka, ramuka huɗu ke nan da ke gicciye juna a ciki. Hujin yana bi ta tsakiyar tsaga, kuma gindin tsagar da kansa yana taimaka wa meshi ya zauna a tsakiya. Kuskuren milimita ɗaya a nan ana yafe shi, biyu kuwa kile ba zai samu kan bulon ba. A gwada kan bulon a tsaga tun a kanti, akwai masu faɗin kai da ba sa wucewa.

Sauran haɗe-haɗen da maƙalar kusurwa muka yi su, mai 40 a kan 40: takwas ga zoben ƙasa, biyu ga sandar da ke ratsa shi, huɗu ga masu ratsa zoben sama, da ƙarin huɗu a ƙarƙashin dogayen sama inda suka haɗu da ƙafafu. Guda 18, kowace bulon biyu da ekuru biyu, 36 ke nan. In aka ƙara goma na allon baya da goma na riƙe katakon sama, ekurun tsaga sun kai 56. Mun sayi 70. Kuɗin waɗannan ƙananan kaya ba abin rainawa ba ne a cikin jimla, kuma su ne ba ka samu a kantin unguwa in sun ƙare maka. Ekurun iri-iri ne. Akwai wanda sai ta bakin sanda yake shiga, shi ya fi riƙo domin yana cika tsagar. Akwai mai kan guduma da ake jefawa daga ko'ina ya juya kwata ya kama. Na biyun yana da daɗin aiki amma yana yaudara: wani lokaci bai juya ba, bulon ya yi kamar ya kama, sai an ja maƙalar ta fito. A haska tocila a ga ya gicciye tsaga kafin a matse. Mun sa masu shiga ta baki a duk inda nauyi yake, muka ajiye masu jefawa goma don abin da muka manta.

Tsawon bulon na maƙala shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma mu ma ya kama mu a maƙalai huɗu na farko. Zurfin tsagar kusan milimita 12 ne. Da M8 mai tsawon 20, bakin bulon yana kai gindin tsaga kafin kansa ya danne maƙalar. Kile yana tsayawa cak, ka rantse ya matsu, alhali maƙalar tana motsi in ka taɓa ta, kuma bulon ya riga ya tona rami a gindin tsagar. Mai tsawon 16 da rondel ɗaya shi ya dace da maƙalanmu. Hanyar ganewa mai sauƙi: a sa bulon da rondel a cikin maƙala a auna abin da ya fito ta baya, kada ya wuce milimita 10 ko 11.

Haɗawa a kife muka yi ta. Muka shimfiɗa fallen kwantirfilake a wuri mafi daidaito na daɓen, muka jera sanduna huɗu na zoben sama a kansa, fuskar da za ta ɗauki katako tana ƙasa. Kafin komai, ekurun da za su zauna cikin waɗannan sanduna muka zura, domin da zarar ƙafafu sun rufe bakunan an gama: na masu ratsawa, na maƙalan ƙarƙashi, na riƙe katako, da uku na allon baya a doguwar baya. Muka ɗaura bulon guda 16 a bakuna aka bar wa kowane sarari kamar milimita 5 a ƙarƙashin kai, sannan kowace ƙafa aka sauke ta daga sama, tsagoginta biyu suna haɗiye kawunan bulon har ta taɓa katako. Amfanin kifewar ke nan, saman ƙafafu da saman zobe suna zama layi ɗaya ba tare da awo ba. Daga nan aka zura ekurun ƙafafu ta bakin da ke sama, aka kawo zoben ƙasa. Mun yanka itace huɗu masu tsawo ɗaya suka tallafe shi yadda gefensa na ƙasa zai tsaya milimita 270 daga ƙarshen ƙafa. Wannan tsayin yana barin tsintsiya ta shiga, kuma akwai wani dalili da zai zo a kan allon baya. Masu ratsa zoben sama biyu sun raba tsawon gida uku, kusan 440 tsakani.

Har nan ba bulon da aka matse, duk da yatsa aka kai su. Sai da komai ya zauna muka ja metir daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A 1400 da 600 ya kamata kowace ta ba da 1523. Ba lallai lambar ta fito cif ba, abin nema shi ne biyun su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 2. In ɗaya ta fi tsawo a tura kusurwoyinta ciki da hannu. Sannan matsewa, a gicciye kamar yadda ake ɗaure tayar mota, rabi-rabi, ana komawa ga metir da ekeri bayan kowane zagaye, domin matse bulon ɗaya har ƙarshe yana jan sanda ta bi shi. Ƙarfin da M8 ke so a nan wajen niyutan-mita 20 ne, wato kamar ka danna kilo 13 a ƙarshen kile mai santimita 15. Ba a ƙara wa kile bututu. In aka wuce gona da iri leɓen tsagar yana kumbura, ko zaren da ke cikin alminiyam ya tsige. In ya tsige, a yanka zaren ya ƙara zurfi a sa bulon mai tsawon 35 ko 40.

Da muka juya shi ya tsaya kan ƙafafunsa, muka tura shi ta tsawonsa, sai ya ɗan yi lilo. Ba laifin sanduna ba ne. Haɗin tsaga da matsewa kawai yake riƙe, kuma murabba'i ba ya hana kansa karkacewa komai kaurin gefunansa. Nan ne tebur na alminiyam ke bambanta da na walda, nan ne kuma masu cewa alminiyam ba shi da ƙarfi suke samun hujja. Maganin allo ne a baya. Kwantirfilake mai kaurin 18, tsawo 1400, faɗi 515, muka ɗaure shi ta waje da bulon goma M8 masu tsawon 30 da manyan rondel: biyu a kowace ƙafa, uku a tsagar ƙasa ta doguwar sama, uku a doguwar ƙasa. Tsayin 270 ɗin nan shi ya sa allon ya kama sandunan biyu. Bayan an ɗaure shi mutum biyu suka tura ba abin da ya motsa. Wanda ke son bayan a buɗe, sai ya gicciya lebur ɗin ƙarfe biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Amma a bar shi haka babu ko ɗaya, duk lokacin da aka goga magagari a eto, wato matsin ƙarfe da ake kafawa a kan tebur, teburin zai riƙa amsawa, kuma rawar ce ke kwance bulon.

Falle biyu na kwantirfilake mai 18, girman 2440 a kan 1220, sun ishi komai in an yanka da lissafi. Kowane falle yana ba da 1500 a kan 700 na sama. Ragowar ƙarshen kowane yana ba da 700 a kan 600, biyun su haɗu a kan sandar tsakiya su zama kantar ƙasa, bayan an cire musu 40 a kan 40 a kusurwa don ƙafafu. Tsirin da ya rage a gefe shi ne allon baya. Na saman biyu muka manna su da farin gam na kafinta, aka ɗaure da bis masu tsawon 30 daga ƙasa kowane santimita 20, aka ɗora buhunan siminti suka kwana. In fallen yana da ɗan baka, a haɗa su baka na kallon baka su soke juna. An shafa barnis fuska biyu da gefuna duka. Masu shafa sama kawai suna ganin sakamakon tsakanin damina da hunturu: fuska ɗaya ta sha laima ɗaya ba ta sha ba, katako ya kumbura ta tsakiya, in iskar hunturu ta zo kuma gefuna su fara ɓarewa.

Katakon sama ƙananan kusurwoyi goma ke riƙe da shi daga ciki, ekuru a tsaga, bis a katako. Ramin bis ɗin a kusurwar ya ɗan fi bis faɗi, saboda katako da alminiyam ba tare suke motsi ba, ɗaya laima yake bi ɗaya zafi.

Eto yana son a yi tunaninsa kafin huji. Wurinsa saman ƙafa ne, don duka ya sauka ƙasa kai tsaye, kuma muƙamuƙinsa na baya ya ɗan wuce bakin tebur yadda doguwar aba za ta rataya. Matsalar ita ce daga milimita 50 zuwa 90 daga bakin katako sanda ce a ƙarƙashi, bulon ba shi da wurin fita. Mun matsa eton har ramukansa biyu na gaba suka faɗa a milimita 70, daidai kan tsagar sama, muka kama su da ekurun tsaga. Na baya ya ratsa katako ya kama farantin ƙarfe mai kaurin 6 a ƙasa. Rondel kaɗai nutsewa yake yi cikin katako bayan ƴan watanni.

Takalman ƙafa masu zare ne, M8, kowane da ekurun kullewa. Daɓen siminti da wuya ya zama daidai, saboda haka aka ɗora nibo ta tsawo da ta faɗi, aka juya takalma har kumfar ta zauna, aka kulle. Kada zaren da ke waje ya wuce milimita 25, kuma kada a ja teburin a ƙasa, M8 yana tanƙwarewa. A ɗaga shi. Duka da katako kusan kilo 60 ne, wanda bai isa ba ga aikin eto mai ƙarfi, don haka kayan nauyi kamar tsofaffin moter da akwatin kile a kantar ƙasa suke zama.

Mun ɗaura jerin firiz na wuta a gefe, kuma a nan akwai abin da ba a wasa da shi. Fatar nan mai launin azurfa ba ta wuce da lantarki, amma alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinta yana wucewa da shi sosai. Ma'ana wata sanda tana iya ɗaukar bolt 220 daga wayar da ta goge, maƙwabciyarta kuma ba ta sani ba. Wayar ƙasa sai an kankare fatar har farin ƙarfe ya fito, a sa rondel mai haƙora, sannan a bi sandunan ɗaya bayan ɗaya da multimetir a tabbatar duk suna haɗe. Inda ba su haɗu ba a ƙetara da guntuwar waya. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a maƙala mas na injin walda a jikin irin wannan tebur, wutar za ta nemi hanya ta cikin bulon ta ƙone su.

Abubuwan da ke cin alminiyam ba su ne masu cin baƙin ƙarfe ba. Ruwa bai dame shi ba, amma sodar da ake sabulu da ita tana cin sa, ɗanyen siminti da farar ƙasa suna bar masa tabo, ruwan batir ma ba abokinsa ba ne, saboda haka batir a cikin faranti na roba yake zama. Jan ƙarfe da ya daɗe a jikinsa cikin laima yana sa shi fari-fari ya rarake. Sai ƙura. Duk tsagar da ke kallon sama, hazo ɗaya ya ishe ta cika, ta haɗu da ɓarɓashi da mai ta daskare, ranar da kake son zura ekuru ya ƙi tafiya. Akwai robar rufe tsaga da marufin bakin sanda, in ba a samu ba siririn tiyo da aka danna ciki yana yi. Bakunan da aka bari a buɗe kuwa zanzaro yana gina gida a ciki.

Bayan sati biyu da fara aiki muka sake bin bulon duka da kile. Na allon baya da na eto sun karɓi kusan rabin zagaye, domin katako ya kwanta a ƙarƙashin rondel. Na maƙalai kaɗan ne suka motsa. Na zoben sama 16 ko ɗaya bai motsa ba. Biyu da ke kusa da eto da suka sake sakewa bayan wata guda, mun cire su, muka wanke zaren da fetur, muka ɗiga musu shuɗin gam na kulle zare, wanda kile ke iya kwancewa daga baya. Jan gam ba a sa shi a nan, sai da wuta yake sakin bulon.